Bahago da Haruffansa Masu Dunduniya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, ina cikin dama fenti aka leƙo shagona aka ce Bahago ya rasu. Ya sauko daga tsani ya ce kansa na juyawa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bahago, sana'armu ɗaya, rubutun allunan shaguna da bayan motoci, kuma shagonka yana kallon nawa. Ni na riga ka zuwa layin nan, da rulata da haruffana miƙaƙƙu. Sai ga ka da hannun hagu da wani rubutu da ba mu taɓa gani ba: haruffa masu kauri, sun ɗan karkata dama, kowanne da faffaɗar dunduniya a ƙasa da hula mai kusurwa a sama. Na ce wa mai shayi rubutun baƙon nan jiri yake ji. Da maganar ta kai kunnenka sai ka yi dariya, ka ce kaurin don direba ya karanta yana gudu, karkatar don allo ya yi kamar yana yafito mutum, dunduniyar kuma don harafi ya tsaya da ƙafarsa. Kafin shekara ta zagayo, mai aski da mai kemis da masu manyan motoci, har rigunan 'yan ƙwallo, duk sun koma hannunka.

Na yi ƙyashinka, Bahago, kuma ban taɓa hutawa ba. Burina ɗaya a duniya, wani ya tsaya gaban aikina ya tambaya wane ne ya yi, kamar yadda nake ji ana tambaya a gaban naka kullum.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kirkinka. Da tsanina ya karye, naka ka jingina a ƙofata ba tare da na roƙa ba. Matar da ke sayar da gawayi a bakin kwalbati, kyauta ka rubuta mata allo, har yau tana sa maka albarka. Idan aiki ya yi maka yawa sai ka ce, "Ku tsallaka wurin yayana, ya fi ni hannu a ƙananan rubutu." Da zuciya ɗaya kake faɗa, ni kuwa sai in wuni ina tauna kalmar "ƙananan".

Kana da wata al'ada da babu mai ita a cikinmu. Ba ka jan layi. Dugadugan haruffa kake fara zubawa daga farkon bango zuwa ƙarshensa, sannan ka dawo ka ɗora musu jiki ɗaya bayan ɗaya. Haka ajali ya same ka a bangon sabon gidan burodi. Ka gama GIDAN BURODIN, sauran kuwa dugadugai ne kawai jere a kan farin bango.

A zaman makoki babbar 'yarka ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Baba, mai gidan burodi zai sa a shafe bangon a kira masu buga rubutu da na'ura. Aikin mahaifinmu na ƙarshe ke nan. Ka ƙarasa masa, amma don Allah yadda ba wanda zai gane an canja hannu."

Na amsa mata da baki, zuciyata na tafasa. Na hau tsani washegarin sadakar uku, na tsaya ta dama da harafi kamar yadda kake tsayawa, na ja buroshi daga ƙasa zuwa sama. Ashe duk shekarun da na yi ina harararka daga tsallaken titi, hannuna haddace ka yake yi. Kalmar ALBARKA ta fito ta zauna daram a kan dugaduganka. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Ina wanke buroshi wani direba ya tsayar da motarsa, ya daɗe yana kallon bangon. Sai ya ce min, "Malam, ka ga hannun marigayi? Dubi wannan K ɗin. An gama yin irinsu, waɗanda suka rage duk 'yan shafe-shafe ne." Fenti bai bushe a yatsuna ba. Na ce masa gaskiya ne, Allah ya jiƙansa.

Allah ya jiƙanka, Bahago, ya yalwata maka makwanci, ya sa alherin da ka yi wa mutane ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da dukkan 'yan layinmu, Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don har yanzu idan na bi ta gaban bangon nan, ƙyashin wanda ake yabo nake ji.