Inna Mai Kitso, Wadda Ta San Mu Ta Ƙeya

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe shagonta, ko da ciniki ko babu. Ƙofar langa-langa ce mai ƙara, har tela da ke maƙwabtaka da ita ya daina duba agogo. Ta share, ta yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ta wanke mataji da tsinken kitso a roba da sabulu, ta jera su a kan tawul. Sai ta zauna a doguwar kujerarta, ta tura 'yar ƙaramar gabanta da ƙafa, ta jira kan farko. Madubi ɗaya ne a shagon, ya tsage ta kusurwa, kuma ba don ita aka rataye shi ba. Shekara talatin da huɗu ke nan haka. Ƙarshen watan nan Inna mai kitso za ta ajiye tsinke, don yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, likita kuma ya ce ya isa.

Kada wani ya ɗauka tsohuwa ce mai zaƙin baki. Hannunta da zafi, kuma in kika yi ƙorafi sai ta ce, "In kina son mai taushi ki je a shafa miki, nan kitso ake yi." Ba ta gulma, abin da ya sa mata da yawa suka ce shagonta ba daɗin zama. Tana iya wuce ki a hanya ido da ido ba ta gane ki ba, amma ki juya baya ɗankwalinki ya ɗan zame, daga nesa za ta kira ki ta tambayi jikin mahaifiyarki. Takan ce ita ba ta san fuskar kowa ba, ƙeya aka ba ta.

Abin da ya sa muke wannan rubutu ya faru shekara goma sha huɗu da suka wuce. Akwai 'yar gidan mai gyaran agogo, a layin bayan shagon, wadda ke aiki a kantin magani. Duk bayan sati biyu take zuwa kitso. Wata Asabar yatsan Inna ya ci karo da kumburi a tsakar kanta, matar ta ce murfin kabad ne ya buge ta. Zuwa na gaba wani kumburin, bayan kunne. Inna ta lura duk inda ɗankwali ke rufewa ne. A na uku ta rufe shago ta tafi wurin uwar matar ta faɗa mata. Aka kira mijin, ya durƙusa, ya yi kuka, ya rantse. Aka ce tsakanin miji da mata sai Allah, ta yi haƙuri ta koma. Wata biyar bayan nan, da safiyar wata Talata, kan maganar makullin babur, ya buga kanta da bango. Kafin a kai ta asibiti ta cika.

Maƙwabta da suka sha jin ihu duk suka zama kurame da aka zo neman shaida. Inna ta je kotu da ƙafarta. Lauyan mijin ya tambaye ta ko ita likita ce. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Amma kan nan shekara tara yana hannuna, na san inda Allah ya yi tudu da inda mutum ya yi." Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, jama'a suka watse, kowa ya ce an yi adalci.

Shari'a ta ƙare a kotu, a gidan mai agogo kuwa lokacin abin ya fara. Tsohon bai sake buɗe shagonsa ba, agogunan mutane suna rataye har masu su suka gaji suka zo suka kwashe, shekara ba ta zagayo ba ya bi 'yarsa. Ƙanwar marigayiya ta mayar wa wanda zai aure ta kayansa, ba tare da ya yi mata komai ba. Wanta, mai walda, ya koma mutumin da ba a yi masa sallama sau biyu. Ita kuwa uwar, wadda da bakinta ta ce a koma, barci ya ƙaurace mata.

Cikin wannan gida aka kawo 'yar marigayiya, mai shekara bakwai. Yarinyar kuwa ubanta ta ɗebo, kamar an tsaga kara. Goshin, idon, wushiryar, har yadda take karkata kai in za ta yi tambaya. Ba wanda ya taɓa dukanta, ba wanda ya hana ta abinci. Kallonta ne kawai ba a yi. Kaka takan ajiye mata kwano ta kau da kai. In yarinyar ta yi dariya a tsakar gida sai kowa ya tuna yana da abin yi a ɗaki. An ce kama da wane ba wane ba ne, amma masu faɗin haka ba su binne 'ya ba.

Wata Alhamis da la'asar Inna ta hango ta tana dawowa daga makaranta, ɗankwali a hannu, gashi ya cukurkuɗe ya yi wata biyu ba a taɓa ba. Ta ƙwala mata kira.

"Ke, ƙawata! Zo nan. Wannan kan naki ko sheƙar tsuntsu?"

Ta zaunar da ita, ta jiƙa gashin, ta shiga tsifa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, abin da bai yi wa Inna daɗi ba, don yaron da ke da mai lallashi shi ke kuka. Sai da aka fara kitso ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Inna, jibi Kawu zai kai ni wurin dangin Baba."

"Hutu?"

"A'a, zama. An haɗa kayana. An ce in na tafi Kaka za ta riƙa samun barci."

Inna ta san dangin. Ta gan su a kotu, a ɗaya ɓangaren, suna cewa ai matar ma bakinta ya ja mata. Garinsu tafiyar yini ce, yarinyar ba ta taɓa kwana a can ba.  Inna ta ci gaba har ta gama ɓangaren dama tsaf, layi shida. Sai ta tsaya, ta soke tsinke a gashin, ta ce, "Tashi."

Duk wanda ya san sana'ar ya san ba a sakin kai rabi. Abin kunya ne ga mai kitso, abin dariya ga mai kai. Tela ya ce da idonsa ya gan su sun bi layi, Inna gaba da mataji da kwalbar mai, yarinyar a baya, rabin kai kitse rabi a tsaye, yara suna nunawa. Suka shiga gidan mai agogo suka tarar da kaka zaune a bakin ƙofar ɗaki, kawu yana ɗaure jaka da igiya.

"Yaya, hannuna ya riƙe," in ji Inna. "Ga 'yarku, ki ƙarasa mata."

Kaka ta dubi ƙasa. "Na manta kitso."

"Wanda ya yi wa 'ya kitso har ta yi aure ba ya mantawa. Ni dai na kasa. In kuma haka za ku kai ta wurin mutanen nan, su ce dangin uwarta ko kai ba su iya gyara mata ba, to ku kai."

Kawu ya miƙe. "Inna, da girmanki. Wannan maganar gida ce."

"Ni maganar kai na zo yi, ɗana. Walda aka ce in yi?"

Abin da tausayi bai yi ba, gudun gorin surukai ya yi. Kaka ta ja tsaki ta gyara zama, yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafunta ta ba ta baya. Wata biyu suna gida ɗaya, ranar ce farkon da tsohuwar ta taɓa jikinta. Ta tsaga, ta shafa mai, ta kama. Layi na farko ya fito a karkace, na biyu ya fi. Da ta gangaro ƙeya sai ta haɗu da wasu gajerun gashi masu murɗewa hagu, ka kama su zille. Ta ja, yarinyar ta ɗaga kafaɗar hagu ta maƙale wuya.

"Tsaya mana! Ke kullum sai kin..." Sai ta kira sunan marigayiya.

 Ƙanwar, da ke wanki, ta bar hannunta cikin ruwa. Kaka ta daɗe tana kallon ƙeyar nan, hawaye na sauka a kan tsagar, yarinyar kuma ba ta juyo ba, kamar ta san in ta juyo komai zai lalace. Da tsohuwar ta gama nata ɓangaren sai ta dubi na Inna ta ce layin ba su miƙe ba, ta warware duka shidan ta sake. A shekara talatin da huɗu, wannan ne kaɗai lokacin da aka kushe aikin Inna ta yi shiru. Ta kwashi kwalbarta ta fita, ta bar matajin.

Ranar Asabar kawu ya fito da jaka. Kaka ta ce kitson bai kwanta ba, sai ta sake, a bari wani satin. Wani satin ta ce gashin na karyewa, sai an yi masa magani. A sati na huɗu kawu ya kwance igiyar da kansa, don yana bukatarta a wurin aiki.

Ba za mu ce gidan ya warke ba, don bai warke ba. Ƙanwar har yau ba ta yi aure ba. Kawu ya yi shekara shida ba ya gaida Inna, matarsa ma wani layin take zuwa kitso. Kaka kuwa har gobe ba ta iya daɗewa tana kallon fuskar jikarta. In akwai magana mai nauyi, ta makaranta ko ta wani saurayi, sai ta ce, "Zo in duba miki kan nan," su yi ta a haka, ɗaya na kallon bango ɗaya na kallon ƙeya. Amma a gidan yarinyar ta girma, cikin waɗanda suka san uwarta. Bana take gama karatun aikin jinya.

Ke ce, Inna, ba ki yi wa kowa wa'azi ba. Ba ki ce wa tsohuwa ta ji tsoron Allah ba, kin san tsoron ne ma ya hana ta barci. Kin duba inda za ta iya zama kika zaunar da ita. Ke ce kuma ba ki yafe wa kanki zuwan nan na farko ba, da kika kai magana kika dawo kika ci gaba da kitso. Tun daga lokacin, in yatsanki ya ji kumburi, sai ki sallami masu jira ki ja ƙofa, ki ce ba kya kitso da ƙwarƙwata, don ki keɓe da mai kan. Mun san mata uku da daga kujerar nan kika raka su asibiti aka rubuta rauninsu, daga can kuma ba gidan miji suka nufa ba. An zage ki, an ce kina kashe aure. Ukun nan duk suna raye.

Satin jiya yarinyar ta zo shagon da fararen kayanta na asibiti, ta ce tana son ta shiga cikin kawunan ƙarshe. Tela yana bakin ƙofa yana jin su. Inna na kitso a hankali, tana hutawa bayan kowane layi. Can yarinyar ta ce, "Inna, don Allah in tambaye ki. Da gaske ƙeyata irin ta Mama ce?"

"Ni na ce miki haka?"

"Kaka ce ta ce."

"To ita ta haife ta. Ni kawuna dubu nawa suka bi ta hannuna? Na dai ga kamar haka ne, na ce bari in kai wa mai shi ta duba."

Yarinyar ta ce, "To da ta duba ba ta ga komai ba fa? Da an kai ni ke nan."

"Wa zai kai ki? Sunkuya." Inna ta tura kanta gaba da yatsa. "Da na fito daga gidanku ban koma shago ba, kasuwa na wuce na sayo miki katifa. Da kawunki ya fito da ke, a bakin layi zai same ni."

Shekara goma sha huɗu ba wanda ya san da wannan katifa. Tela ya ce yarinyar ta kifa kai a gwiwar Inna, Inna kuma ta ce ta tashi tana ɓata mata tsaga.

Mun gode, Inna. Allah ya huta da gajiya, ya sassauta wa yatsun nan, ya sa ki ga 'ya'yan ƙawarki. Sauran mu kuwa, kowa da abin da sana'arsa ke nuna masa wanda wasu ba sa gani: malamin aji, mai kantin magani, direba, tela. In ka gani ka faɗa. In ka faɗa ba a ji ba, kada ka koma bakin aikinka ka ce ka fita haƙƙi. Akwai gidaje a kowane layi da aka yi wa irin wannan rashi, masu gaisuwa sun daɗe da watsewa, da yaro a ciki ana ba shi abinci ba a kallonsa. Ka je ka ƙwanƙwasa, ko da ƙaryar ciwon hannu ce.