Kafintan da Ke Kai Benci Gidan Mai Shi

Duk ranar Asabar da hantsi, Baba Kafinta yakan buɗe ƙofar coci da makullin da ke rataye a wuyansa, ya ajiye jakar kayan aiki, ya shiga bin bencuna ɗaya bayan ɗaya. Zama yake yi a kan kowanne, ya ɗan girgiza jiki, ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara, ƙusa ce ta saki. Wanda ya yi masa sakayau a hannu, gara ce ta shiga. Haka yake yi tun muna yara muna ɓuya a ƙarƙashin bencunan, kuma ba a cika tunawa da shi ba sai ƙusa ta yaga zanen wata, a ce ina kafintan nan ya shiga.

Shi ya ƙera yawancinsu, a zamanin da cocin ke cika har mutane su tsaya ta taga. Wannan zamani ya wuce, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Matasa wasu sun tafi neman aiki, wasu suna nan cikin gari amma Lahadi ta zame musu ranar barci da wanki. Tsofaffi kuma suna ta raguwa. Da dattawan ikilisiya suka ga bencuna sun fi mutane yawa, sai suka ce a kwashe rarar a jibge a sito. Baba Kafinta ya ce, "Ku bar mini su."

Lokacin tsohuwar shugabar mawaƙa tana kwance, ƙafa ta ƙi. Ya je gaishe ta, ya lura masu dubiya daga bakin ƙofa suke cewa sannu su juya, domin babu wurin zama a ɗakin. Washegari ya ɗauko bencin da ta saba zama a kai, na jikin taga, ya rage tsawonsa da zarto, ya tura shi a baro har ƙofarta.

"Mama, tunda kin kasa zuwa wurinsa, ga shi ya zo wurinki."

Ta shafa katakon, ta gane inda hannunta ya sa shi ya yi santsi, ta fashe da kuka. Daga ranar masu dubiya suka fara zama. Maƙwabciyarta, wadda ba Kirista ba ce, a kan wannan benci take yini tana tsefe mata kai.

Tun daga nan abin ya zame masa aiki. Duk wanda tsufa ko ciwo ya hana zuwa sujada, bencinsa zai same shi a gida. Kai ne, Baba, ka san inda kowa yake zama ba tare da ka tambaya ba. Kai ne ka gane cewa mara lafiya ba sannu kawai yake so ba, so yake a zauna.

Sai dai akwai abin da ke cin ransa, kuma duk mun sani. Babban ɗansa, mai shagon gyaran waya, ya daɗe da daina shiga coci. Ba faɗa suka yi ba, janye jiki ya yi a hankali. Wata rana ya tarar da uban yana yanka wani benci, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Baba, kai fa da hannunka kake kwashe cocin nan. Addinin nan ƙarewa zai yi, ka huta."

"To, in ya ƙare, me zai zo a madadinsa?"

Ɗan ya ɗaga wayarsa. "Ga shi. Wa'azi, waƙa, shawara, komai yana ciki. Wa zai sa kaya ya fita?"

Baba ya hure ƙurar katako daga zarto. "Ko zai ƙare ko ba zai ƙare ba, ban sani ba, ba a hannuna yake ba. Ni tambayata ɗaya ce. Ran da ka kwanta, wa zai zo ya zauna kusa da kai?"

Ɗan ya yi dariya ya tafi. Maganar ta yi wa Baba ciwo ƙwarai. Akwai benci ɗaya a layin gaba da bai taɓa yarda a taɓa ba, wanda yake zama a kai. A gefen damansa akwai harafin da yaron ya zana da ƙusa yana ƙarami, ya sha duka a kansa. Baba ya goge tabo iri-iri a cocin nan, amma bai goge wannan ba, kuma bai bari kowa ya zauna a wurin ba.

Bana ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Ya cire makullin daga wuya ya aika wa fasto. Muka je dubiya, kunya ta kama mu: mutumin da ya wadata rabin unguwa da wurin zama, ɗakinsa daga gado sai bokiti. Muka tsaya a bakin ƙofa muka ce sannu muka juya. A taron dattawa an yi ta cewa ya kamata a kai masa bencinsa, amma ba wanda ya iya riƙe zarto a cikinmu, maganar ta tsaya a ya kamata. Shi kuwa bai roƙi kowa ba. Ya juya fuska bango, ya rage cin abinci.

Wata Lahadi da la'asar matarsa ta ji ƙarar baro a ƙofar gida. Ɗan ne, gumi ya jiƙa masa riga. Ya karɓi makulli a wurin fasto, ya yanka bencin da kansa. Yankan ya karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, amma ɓangaren da ke da harafin nan shi ya bari. Ya shigo da shi ya ajiye gefen gado.

"Baba, kada ka ɗauka na dawo ne. Benci kawai na kawo."

Baba ya daɗe yana kallon katakon. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Na gani. Zauna mu ji."

Ya zauna. Bencin ya yi ƙara.

"Ƙusa ta saki. Ka zo Asabar da guduma, in nuna maka."

Ya zo. Har yau ba ya shiga sujada, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce cocin ya sake cika ba. Amma kwanan baya an gan shi yana tura benci a baro zuwa gidan tsohon mai gadin cocin da ido ya mutu masa.

Mun gode, Baba, kafintan marasa lafiya. Allah ya ba ka sauƙi, ya saka maka da alheri. Mu kuma da muka iya zama mu yi ta muhawarar ko Kiristanci zai ƙare, mu rage surutu, mu leƙa gidan wanda ya daina zuwa, mu zauna. Wanda ya je gaishe da Baba ranar Asabar kuwa, ya tafi da kujerarsa, domin bencin da mai shi a kai.