Agwagin Rabi-da-Rabi na Joigun Nessa

An haifi Joigun Nessa Bibi ranar 9 ga Maris, 1958, a ƙauyenmu da ke bakin fadamar Netrokona. Ta yi aure tana da shekara goma sha tara, mijinta ya rasu tana da arba'in da ɗaya, ba su sami haihuwa ba. Daga nan kiwon agwagi ne ya riƙe ta.

Guda huɗu kaɗai ne nata. Sauran ashirin na Alekjan ne, yayar mijinta, bisa tsarin rabi-da-rabi: mai agwagi ta ba da su, mai kiwo ta ciyar da su, ƙwai a raba daidai. Idan suka mutu, asarar ta mai su ce. Alekjan kuwa ba ta mallaki komai ba sai su.

Muddin akwai ruwa a fadama, ciyarwa ba ta da wuya, domin agwagi na tsintar dodon koɗi da kansu. Amma a wata shekara ambaliya ta zo tun kafin girbi, shinkafa ta ruɓe a gona, ruwan ya yi wari, dole aka kulle agwagi a gida. Kuɗin dusa ya ninka uku.

Mai injin casa yana da buhunan dusa da ruwa ya taɓa. Joigun ta cusa hannu a ɗaya, ta shinshina.

"Wannan ai ta fara fumfuna," in ji ta.

"Haba Inna, agwagwa ce za ta ci ko surukinki? Shanya ta a kan kwanon rufi, kwana biyu ta dawo amarya."

Ta sayi buhu biyu, ta shanya, ta riƙa dama musu safe da yamma. A kwana na shida suka daina zuwa wurin kasko. A na goma sha ɗaya ta binne ta ƙarshe a bayan ayaba.

Alekjan ta zo ta tsaya a gaban akurki.

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Har da naki?"

"Har da nawa."

"To, ruwan nan ne. Na gidan maƙwabcinmu Hekmot ma haka suka yi." Ta zauna, ta ciro ganyen da ake taunawa kamar goro, ta raba biyu, ta miƙa mata rabi.

Bayan wata biyu Alekjan ta tafi birnin Dhaka aikin wanke-wanke a gidan mutane, can ta rasu. Joigun ba ta sake kiwo ba. Ta koma tankaɗe a injin casa har ƙarfinta ya ƙare.

Nata huɗun ba su mutu ba. Ba ta taɓa ba su dusar nan ba. Daga shinkafar da take ci take gutsura musu. Kafin Alekjan ta zo, ta sa su a kwando, ta rufe da tsumma, ta sayar a kasuwar da ba a san ta ba. Wannan ba ta taɓa gaya wa kowa ba.