Lauje da Takalmi a Wutsiyar Ƙwaro

Ban gama sakandare ba. A aji uku na tsaya, kuma ba na ɓoye wa kowa. Amma shekara tara na yi ina leƙen wutsiyar ƙwaro a madubin likita, kuma a faɗin Potiskum ban ga wanda zai gwada mini wannan aikin ba.

Shara aka ɗauke ni yi. Wani dakta ne daga jami'a ya kama ɗaki biyu a bayan tashar mota, yana bincike a kan ƙananan ƙwarin nan masu tashi kamar hayaƙi a saman tafki da yamma. Mutane suna ce musu sauro, su yi ta marin iska a banza, alhali ba sa cizo. Da hannun dakta ya fara rawa saboda shekaru, sai ya miƙo mini allura ya ce in gwada.

Aikin kansa ga shi. Matan ƙwarin ba su da amfani a wurinmu, duk kama ɗaya suke yi. Namiji ake nema, mai gashi buzu-buzu a ka. Ka yanke ƙarshen wutsiyarsa, ka jiƙa a ruwan magani har naman ya narke, ka kwantar da shi rub-da-ciki a kan gilashi, ka rufe da wani siririn gilashi. Rufewar ce aikin. Sakinsa ake yi ya kwanta da kansa, ba a dannawa. A ciki akwai ɗan ƙaho guda biyu. Na wani iri a lanƙwashe yake kamar lauje, na ɗan'uwansa kuwa mai faɗi ne kamar takalmi. Bayan wannan babu abin da ya raba su.

A shekara ta bakwai aka turo mana wani mai digiri biyu, da tabarau da kwamfuta. Dakta ya kira mu ya ce jami'a ta ce mutum ɗaya za a bari a kan madubi, ɗayan ya nemi wani wurin. Na san wanda ake nufi. 'Ya'yana shida, kuma bayan wannan aikin ban iya komai ba sai turin baro.

A makon aka kawo ƙwari daga wani tafki a Gadaka. Mai digiri ya haɗa gilashi arba'in cikin yini biyu, ya rubuta cewa duk masu takalmi ne. Ina goge tebur na leƙa guda uku.

Na ce, "Malam, ka danne su."

Ya ce, "Baba, don Allah ka ji da tsintsiyarka."

"Tsintsiyata lafiyarta ƙalau. Babban yatsanka ne ba shi da lafiya."

Na ga yadda yake yi. Sauri yake, sai ya sa yatsa ya danna gilashin sama don iska ta fita. In ka danne lauje, bajewa yake yi ya koma kamar takalmi. Littafinsa bai gaya masa haka ba, don masu zanen littafi ba sa zana abin da suka ɓata.

Da dakta ya shigo ban yi wani kwana-kwana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, tafkin nan iri biyu ne a ciki. A ba ni ragowar mazan da ke kwalba."

Mai digiri ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, yanzu mai shara ne zai yi mini makin?"

Dakta ya ce, "Ba shi kwalbar."

Maza goma sha biyu suka rage. Daga hantsi har la'asar ina kansu, sallah kawai ta tashe ni. Dakta ya cire tabarau ya duba ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Lauje bakwai, takalmi biyar. Ya juya ya ce wa mai digiri ya zo ya gani da idonsa. Mai digiri ya daɗe a sunkuye, har na zaci ya yi barci a wurin.

Ni aka bari a kan madubi. Shi kuma aka mayar da shi jami'a, aka ba shi ofis mai fanka. Da takardar binciken ta fito, sunansa ne na biyu bayan na dakta. Nawa yana can ƙasa cikin godiya, tare da direban da ya kai su Gadaka. A takardar aikina kuwa har dakta ya yi ritaya aka rufe ɗakin, mai shara aka rubuta.

Yanzu mai digirin nan shi ma dakta ne. Har yau yakan turo mini hoto a waya, ya rubuta, "Baba, wannan fa?" Nakan bar shi ya kwana biyu yana jira. Sannan in duba in gaya masa, don ƙwaron bai yi mini laifin komai ba. Na makon jiya lauje ne, kuma ɗalibinsa ya danne shi.