Wankin nozul na huɗu

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni Bunkure duba a-kori-kurar wani Alhaji ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Jiya na ga kuna ta musu a guruf ɗin nan, wai wankin nozul yana da amfani ko cin kuɗin mutane ne kawai. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, musamman ku sababbin shiga.

Ga waɗanda ba 'yan gareji ba: nozul shi ne ɗan bakin da yake fesa fetur cikin injin mota. Hujinsa bai kai kafar allura ba. In datti ya toshe shi sai mota ta kama jijjiga, ta rasa ƙarfi, ta dinga shan mai kamar me. Wankinsa kuma ba da ruwa da sabulu ba ne. Ciro su ake yi a jera a injin wanki, a tura musu sinadari, sannan a kalli yadda kowanne yake feshi cikin gilashi.

A garejinmu a Kano, Oga ne a sama, sai babban makanike, sai ni mai kwamfuta, wato wanda yake jona sikana a jikin mota ya karanta abin da yake damunta. A ƙa'ida ba a kwance komai sai mota ta biyo ta hannuna. Amma in motar babban kwastoma ce, tun daga bakin get Oga yake yanke mata hukunci.

Ranin bara ne, ana tsakiyar kakar tumatir. Da safe Oga ya kira ni.

"Nazifi, kwashi kayanka ka tafi Bunkure. Motar Alhaji ta ƙi tashi a gona. Nozul ne. Ciro su ka kawo a wanke."

Na ce, "Oga, ba ita ce aka wanke wa sau uku ba tun shigowar rani?"

Ya ce, "Ƙirga na aike ka, ko aiki?"

Na kwashi kayana na kama hanya. Daga cikin Bunkure ɗan acaɓa ya bi da ni ta gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ko'ina kore shar, injinan ban-ruwa sai ƙara suke. Na tarar da motar a bakin gona, an riga an sauke kwandunan tumatir an loda wa wata ta haya. Wani dattijo mai furfura a gemu yana tsugune jikin tayar. Malam Habu ke nan, direban motar. Ya miƙe ya ba ni hannu.

"Sannu da zuwa, Injiniya."

"Baba, ni ba injiniya ba ne, mai kwamfuta ne."

"To, ko ma mene ne, ɗan nan, don Allah ka duba da kyau." Sai ya sassauta murya. "Cewa ake yi ina zuƙe man Alhaji ina sayarwa, ina zuba na 'yan bumburutu. Tun motarsa ta farko nake jan sa. Ya ce in yau ta tabbata man ne, in ajiye makulli."

Na ce masa kar ya damu, mota ba ta ƙarya.

Na jona sikana, ta nuna injin ba ya ƙona mai daidai. Wannan ai ko makaho ya ji yadda take tari in an murɗa makulli ya sani. Abin da ba a yi ba duk sau ukun nan shi na yi: na kwance tiyon da yake kawo mai daga tanki, na tara busasshiyar gorar roba, na sa Malam Habu ya murɗa makulli. Na ajiye gorar a kan bonet ta ɗan huta. Wallahi ba a jima ba man ya rabu gida uku. Sama fetur, ƙasa ruwa, can gindi kuma jar laka, irin dai lakar kanal ɗin da nake tsaye kusa da shi.

Na ce, "Baba, a ina kuke shan mai?"

Ya yi min nuni da baki. Can ƙarƙashin wata rumfar kara ga duro a girke. Ashe Alhaji sarin fetur yake yi a duro saboda injinan ban-ruwa, kuma ya hana a kai motar gidan mai, wai direbobi haɗa baki suke da masu zuba mai. Daga duron nan mota ma take sha. Ina tsaye a wurin wani lebura ya zo da bokiti, ya ɗebo ruwan kanal ya ɗura wa injin ban-ruwa don ya kama ja, ya girgije bokitin sau ɗaya, ya zo ya tara shi a bakin duro ya tsiyayi fetur. Da ya cika injin, sauran da ya rage ya mayar cikin duron. Kullum haka ake yi, sau nawa a rana Allah kaɗai ya sani.

Kafin Alhaji ya iso na kira Oga na faɗa masa. Kun san me ya ce?

"Kai Nazifi, ba ruwanka da duron mutane. Mutumin nan ba ya son a ce ya yi kuskure. Ka ce nozul ne kawai."

"Oga, direban fa za a raba da aikinsa."

"Kai ne shugaban ƙungiyar direbobi?"

Ya kashe waya.

Sai ga Alhaji a bayan babur, tare da Sabo, ƙanin matarsa, mai kula da gonar. Na rusuna na gai da Alhaji. Ya ce, "Yaron Oga, me kwamfutarka ta ce?"

Na ɗago gorar. Na yi iya ladabin da aka koya min a gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, man ne, amma ba daga waje ya zo ba. Daga duron can ne. Bokitin da ake ɗibar ruwa da shi ake ɗibar mai."

Ya yi dariya, Sabo ya taya shi. Alhaji ya ce, "Ka ji yaran birni. Juya ka ga injinan can. Duk man nan suke sha tun safe har yamma, akwai wanda ka ji ya yi tari? Injin gona bai ƙi ba, sai mota 'yar gata?"

Gaskiya tambayar tana da kan gado, kuma na tabbata duk wanda yake wurin abin da yake ransa ke nan. Na ce, "Alhaji, injin ban-ruwa kafireta gare shi, ba nozul ba. Maƙogwaronsa babba ne, in ya sha ruwa ma, kwance ƙoƙon ƙasa ake yi a zubar a ci gaba. Ita wannan ta hujin da bai kai na allura ba take sha. Ko sau goma aka wanke mata nozul, in ta dawo duron nan, sati ɗaya ta koma gidan jiya."

Ya karɓi gorar ya ɗaga ta saitin rana. Na ga fuskarsa ta canja. Ya gane, wallahi ya gane sarai. Mutumin da ya yi shekaru yana noman rani ba zai kasa gane lakar gonarsa ba. Leburori sun bar aiki sun zagaye mu. Sai ya juya wajen Malam Habu.

"To kai da kake direba, idonka na mene ne? Kana gani ana zuba wa motata ruwa ka yi shiru?"

Malam Habu ya ce, "Alhaji, ai tun farkon rani na ce maka a dinga sha a gidan mai. Kai ka ce..."

"Au! Ni za ka ƙaryata a gaban yara?"

"Allah ya huci zuciyarka, ba haka nake nufi ba."

"Kawo makullina."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi fa ba shi da..."

Sabo ya tare ni. "Kai malam, mota aka kira ka gyarawa ko shari'a?"

Alhaji ya buɗe gorar ya tuttular da ita a ƙasa, ya jefar. Malam Habu ya zaro makullin daga jikin motar ya miƙa da hannu biyu. Ya buɗe ƙofa ya ɗauki sallayarsa da butarsa a bayan kujera, ya ce, "Allah ya bar zumunci, Alhaji." Ya bi gefen kanal a ƙafa.

Raina kamar in kwashe kayana in tafi, amma aiki aka aiko ni. Na zubar da man tankin gaba ɗaya, na aika aka sayo na gidan mai a jarka mai tsabta, na lallaɓa ta ta tashi, na jawo ta Kano a hankali. Washegari muka sauke tankin muka wanke, muka canja filtar mai, sannan muka wanke nozul. Wannan karon kam sun cancanci wanki, biyu daga ciki ɗiga suke maimakon feshi. Mota ta koma garau. Oga kuwa kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona min rai. Bayan kamar wata biyu na je Kura wani aiki, na haɗu da Malam Habu a bakin kasuwa yana taya wani ɗaure buhunan shinkafa. Na ce, "Baba, ba ka samu wata motar ba?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗan nan, ai gyaranka ne ya yi kyau da yawa."

Ban gane ba sai da ya yi min bayani. Ashe tun daga ranar Alhaji ya daina ba motar man duro. A ɓoye ya ba sabon direba umarni ya dinga sha a gidan mai. Mota ba ta sake ko tari ba. Su kuma mutanen gari abin da suka gani shi ne: Habu yana nan mota kullum ciwo, Habu ya tafi mota ta warke. Shi ke nan, hujja ta kammala. Duk mai motar da ya je wa sai ya ce, "Za mu neme ka." Leburorin da suka ga gorar da idonsu a gonar Alhaji suke cin abinci, wa zai buɗe baki? Na tsaya a wurin na yi wa masu lodin bayani da ƙarfi, har da rantsuwa. Suka saurare ni, suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da lodi.

To ga amsata ga musunku. Wankin nozul yana da amfani, amma sai in nozul ɗin ya toshe, kuma sai ka gano abin da ya toshe shi. Motar da take lafiya lau, tana shan mai mai kyau, ana canja mata filta a kan lokaci, ba ta buƙatar a dinga kwance mata nozul, balle 'yar kwalbar nan da ake tallata muku a zuba a tanki. Abin da ya lalata mana sana'a shi ne mun mai da "nozul ne" maganar da muke fakewa da ita in ba ma son ɓata wa mai mota rai. Da a wankin farko wani ya tsiyayi man nan a gora, da an faɗa wa Alhaji a ofis, daga shi sai Oga, ya gyara abinsa ba tare da ya ji kunya ba. Sau uku muka wanke muka yi shiru, zargi yana ta taruwa a kan wanda ba shi da bakin kare kansa.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa mota karo na biyu da ciwo iri ɗaya, kafin ya ɗauki sifana ya tambayi inda take shan mai. In mai motar ya ce direba ne, a duba tankin tukuna. Mu in mun yi shiru ba abin da muke rasawa, har kwastoma muke ƙara riƙewa. Malam Habu kuwa har yanzu buhu yake ɗaurewa a Kura.