Gaida Surukai

A ƙauyenmu na Wendilbi, can arewacin Ingila, ba wanda ya taɓa mallakar ƙasar da yake nomawa. Gonaki na ubangida Raulin ne, daji nasa ne, mu kanmu da ke zaune a kai nasa ne. Kwana uku a mako muna aikin gandunsa, sauran kwanakin mu ji da 'yan gonakinmu. Duk wannan mun haɗiye shi. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne san mutuwa: ranar da magidanci ya cika, ubangida ya ɗauke mafi kyawun dabbarsa, fadan coci kuma ya ɗauki mai bi mata. Ana kukan mamaci a ɗaki, ana kwance igiya a garke.

To amma talaka ba ya rasa dabara. Tun zamanin kakanni, in ciwo ya kwantar da mutum har aka fara fid da rai, maƙwabta sukan ja san kirkin zuwa daji su bar tsohon a garke. In wani ya tambaya, sai a ce sa ya tafi gaida surukai. Bayan wata biyu ya dawo gida kamar ba a yi ba. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Shi kansa sarkin gandu, mai kula wa ubangida da aiki, a cikinmu ake zaɓensa, saboda haka yakan kau da kai. Ai shi ma wata rana zai kwanta.

Tare muka tashi da Hawisa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga dariya kamar ba ta san akwai gobe ba. Ta auri Ketel, mutum marar hayaniya, suka haifi 'ya ɗaya, Idoni. Dukiyarsu duka jan sa ne mai farin goshi da wata tsohuwar saniya. Idoni tana shekara goma sha ɗaya Ketel ya faɗo daga rufin rumbun ubangida yana gyaran jinka. Kwana huɗu ya yi yana numfashi da ƙyar, maza suka yi abin da aka saba, jan sa ya tafi gaida surukai, sannan Ketel ya cika.

A shekarar ce aka naɗa Ailmer sarkin gandu. Maƙwabcin Ketel ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma lokacin da uban Ailmer ya mutu Ketel ne ya ja musu nasu san zuwa daji. Wannan Ailmer ɗin, da ƙafarsa, da rana tsaka, ya kai wakilin ubangida har gindin bishiyar da aka ɗaure jan sa. Ba wanda ya matsa masa. So yake a tabbatar masa da muƙamin, a riƙa zaunar da shi teburin gidan ubangida lokacin girbi yana cin farin burodi. Ya kuwa samu. Ubangida ya ɗauki sa, fada ya ɗauki saniya, Hawisa ta dawo daga maƙabarta ta tarar da garke wayam.

A wurinmu gida huɗu ne ke haɗa shanu a garma ɗaya. Wanda ba shi da sa sai a huɗe tasa gonar a ƙarshe, in lokacin shuka bai wuce ba, gonar da aka bari ba huɗa kuwa ubangida karɓewa yake yi. Hawisa ba ta jira ba. Ta ciro wata ƙaramar garma ta kakan Ketel, ta ɗaura igiya a ƙirji, Idoni na gefenta da tata igiyar, wani tsoho makaho ya riƙe musu hannun garmar. Na gan su da idona, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ƙafafunsu sun yi jawur. Shekara uku suna haka kafin ta tara tumakin da ta musanya da ɗan maraƙi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, da Ailmer da mu kanmu, don mu ma kallo muka yi.

Ba ta taɓa zaginsa ba. In sun haɗu a rijiya ta gaishe shi, ta tambayi iyali. Dariyar ce dai ta tafi ba ta dawo ba. Da Hamo ɗan Ailmer ya nemi auren Idoni, muka zuba ido mu ga tashin hankali, sai Hawisa ta ce yarinya na so, ita ba ta da ta cewa. Ni da shegen surutuna har cewa na yi Allah ya yi mata zuciyar waliyyai. Ashe na ciki na ciki.

Shekara goma sha shida bayan mutuwar Ketel, ciwon ƙirji ya kwantar da Ailmer. Annobar shanu ta riga ta share garkensa, saura biyu, wani baƙin sa ƙato da wani tsoho mai ɗingishi. Gardama ta tashi a gari, wasu suka ce a bar shi ya ɗanɗana abin da ya dafa. Mijina ya ce ba don Ailmer za a yi ba, don Hamo da Idoni da 'ya'yansu uku, shi da kansa ya ja baƙin san zuwa kwarin masu gawayi. Aka ɓoye wa Hawisa wurin. A makon nan ta kamu da son itace, kullum tana daji da igiyarta, ido a ƙasa. Ba itace take nema ba, kashin shanu take bi.

Ina ɗakin Ailmer da hantsi, na kai masa romo, ta shigo ta zauna a bakin gadonsa. Ya ɗaga ido da ƙyar ya ce, “Hawisa, ke ce? Me ya kawo ki?”

Ta ce, “Na zo gaida surukai.”

Tsohon ya gane. Ya shiga roƙo, ya ce ya san ya yi laifi, shekara da shekaru abin na cinsa, ta dubi jikokinta. Ta bar shi ya gama tsaf.

“Kwarin masu gawayi, bayan dutsen da ya tsage,” in ji ta. “Ya yi ƙiba, Ailmer, ubangida zai ji daɗinsa. Na ce bari in gaya maka tun kana ji, kada a ce na ci amanar mamaci.”

Ta tashi ta gyara masa bargo ta fita. Ban ɓoye muku ba, a ranar daɗi na ji har cikin raina, na ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Na ɗauka tsoratar da shi kawai za ta yi. Mijina ya so ya sauya wa san wuri, amma aikin gandu ya riƙe maza, kafin a ankara Ailmer ya cika.

Aka yi zaman shari'ar gandu a gindin babbar bishiyar bakin coci, kamar yadda ake yi bayan kowace mutuwa. Wakili ya tambayi dabbobin mamaci, Hamo ya ce tsohon sa ɗaya ne da tumaki, dattawa suka gyaɗa kai. Sai Hawisa ta miƙe. Idoni ta riƙo gefen rigarta ta ce, “Inna, don Allah.” Ta zame rigarta, ta faɗi kwarin, ta faɗi dutsen, har da launin san. Wakili ya tambaye ta wa ya kai shi can.

“Shi ya kai kansa, ranka ya daɗe. Ai ya san hanyar gidan surukansa.”

Ba ta kama sunan kowa ba, wannan kam na ba ta. Ubangida ya ɗauki baƙin sa a matsayin haƙƙinsa, ya haɗa da tsohon saboda ƙaryar da aka yi masa, fada ya kwashi tumaki. Da lokacin huɗa ya zo, Hamo da Idoni suka ɗaura igiya a ƙirji.

Hawisa ta riga ta yi lissafinta, ko ta ɗauka ta yi. Ranar farko da sassafe ta jawo nata san da karkiyarsa har bakin gonar 'yarta. Gonarmu na kusa, na ji komai. Ta ce, “Ga shi nan, ku yi ta aiki da shi. Ba da ku nake ba.”

Idoni ba ta ko tsaya ba. Ta ce, “Mayar da abinki, Inna. Na iya ja, ke kika koya mini.”

Hawisa ta tsaya a wurin da igiya a hannu har rana ta take, sa na cin ciyawar gefen hanya, 'yarta na kai da komo ba ta ɗago ba. Gobe ma ta zo, jibi ma haka, har aka gama huɗar shekarar.

Ta yi shekara tara a duniya bayan nan. Gari ya daina zama kusa da ita a coci, jikoki in sun hango ta su sauya hanya. Ni kaɗai nake leƙa ta, ni ma sai in ba idon mutane. Wata rana muna zaune a ƙofarta tana kaɗi, na ce mata, “Hawisa, tsakaninki da Allah, abin nan ya biya ki?”

Ta ce, “Kin ga fuskar Ailmer ai. Da za a dawo da ranar, da na sake faɗa.”

Tana rufe baki Idoni ta zo wucewa da tulu a kafaɗa. Ta gaishe ni da sunana, ta tambayi ciwon ƙafata, ta wuce. Hawisa ta bi ta da ido har ta sha kwana, zaren ya tsinke a hannunta, ta daɗe tana neman bakinsa ba ta samu ba.