Ranar da Kaka Ta Ƙwace Kiɗan Tica

Ko na tsufa haƙora sun zube, cale abokina, ba zan manta da bikin ranar iyaye na makarantarmu a Tafo ba.

Lokacin ina sakandare, ina cikin ƙungiyar kiɗa. Ticanmu, wani dogon Ba'asante mai son tsari paa, ba kaɗan ba, ya kawo mana kiɗan rawa na Turawan da, wai ya kai shekara ɗari biyar. Babu waƙa a ciki, sarewa ce da jita da goge irin nasu, sai ganga. Ni aka ba gangar, don da kalangu na taso a bukukuwan unguwarmu ta Zango. Matsalata ɗaya: gudu wajen kiɗa. Kiɗan uku-uku yake tafiya, da ɗan tsalle a ƙarshe, ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake.

"Sandata za ka kalla, ba mutane ba," in ji Tica. "Ka sake yin gudu, ka ajiye gangar ke nan."

Ni kuwa ba don gangar nan ba, ko mai gadi bai san da ni a makarantar ba.

Ranar, kakata ta hau trotro, motar haya, daga Zango, ta zo ta kame a layin gaba. Mun fara lafiya lau. Muna zagaye na biyu sai na ga ta miƙa wa ta kusa da ita jakarta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shigo fili.

To, a Zango, in babba ya shigo fili, makaɗi ba shi da wani shugaba sai ƙafarsa. Ka ƙi bin ta, ka ci masa fuska a gaban jama'a. Ga sandar Tica, ga ƙafar Kaka.

"Maigida, sanyi kake ji ne?" ta ce da ni, haka take tsokanata. "Ƙara wuta mana."

Na bi ƙafa. 'Yan sarewa suka biyo ni, idanu waje. Tica ya yi ta kaɗa sanda shi kaɗai, can ya soke ta a hammata. Kafin mu gama, iyaye mata sun cika fili, ana ta guɗa.

Da aka watse ya kira ni, Kaka na biye da ni tana haki.

"Ka yi gudu."

"Na yi, Tica."

Ya juya wajen Kaka. "Hajiya, tsallen nan naki daidai inda Turawan ke yin nasu yake faɗawa. Wa ya nuna miki?"

"Ɗana, kiɗan ne ya ce in yi."

Bai karɓe gangar ba. Amma har na gama makarantar, bayana nake juya wa 'yan kallo in muna kiɗa, shi kaɗai nake gani.

Abin da na koya shi ne, kiɗan da aka yi don rawa, komai tsufansa, sai ya nemo ƙafa. In ya samo, kai makaɗi ka bi, hukuncin ka sha daga baya.